Sawun Guduma A Jikin Gamsheƙa

A garejin mahaifina, Allah Ya jiƙansa, akwai wani guntun sabulun wanki da ba a taɓa wanke komai da shi ba. A cikin akwatin gudumomi yake zaune, ya yi baƙi ƙirin saboda maiƙo, kuma duk yaron da ya ɗauke shi ya je famfo, ranar zai gane kurensa. Mahaifina fanel bita ne a Kaduna, kuma ba ya fito da sabulun nan sai an kawo masa tsohuwar Land Rover da ta loɓa. Sai ya goga shi a wurin da ya lotse, ya bi da wutar kabaid a hankali har sabulun ya yi baƙi, ya janye wuta, ya bari ya huce, sannan ya ɗauki guduma. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce da ni, "Kai yaro, baƙin ƙarfe idan ya ji wuta yakan yi ja ya gargaɗe ka. Wannan ba ya gargaɗi. Kana kallonsa fari fat, sai ka ga rami."

Shekaru da dama bayan haka, sa'ad da karatu ya kai ni Ingila, na je wani taron baje kolin tsofaffin motoci, na tsaya a gaban wata ƙaramar mota marar rufi wadda ba a shafa mata fenti ko ɗigo ba. Jikinta alminiyam ne tsirara, an goge shi har ina ganin fuskata a ƙofa. Sunanta Cobra, wato gamsheƙa. Mai ita, wani dattijo, bai jira na tambaya ba ya ce mini ba ta asali ba ce: sassanta ya saya ya haɗa a gida, jikin kuwa a ƙasar Foland aka buga shi da hannu. Na yi masa murmushin ladabi, amma a zuciyata kalma ɗaya na faɗa, jabu. Na daɗe ina bin tarihin wannan sana'a tun daga ranar, kuma tarihin ne ya tilasta mini janye kalmar.

Ƙarfen da mutanenmu suka fi kira dalma, ko da yake dalmar asali wani ƙarfe ne daban, bai daɗe a hannun talaka ba. A tsakiyar ƙarni na 19 yana cikin ƙarafa masu daraja, domin raba shi da ƙasar da yake ciki aiki ne mai tsananin wuya. Da Amurkawa suka kammala hasumiyar tunawa da George Washington a 1884, da ɗan curin alminiyam suka rufe ƙololuwarta. Bayan shekara biyu kacal, a 1886, wasu samari biyu da ba su san juna ba, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, suka gano yadda ake tace shi da lantarki, farashinsa ya faɗi warwas. (Abin al'ajabi, shekara ɗaya aka haife su, 1863, shekara ɗaya kuma suka rasu, 1914.) Nauyinsa kusan kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe, ba ya tsatsa irin tasa, yana kuma bin hannu. Maƙeran keken doki na Turai, waɗanda a lokacin suka fara komawa ƙera jikin mota, sun karɓe shi hannu bibbiyu. A wancan zamani kamfani yakan sayar maka da inji da firam da tayoyi ne kawai, kai kuma ka kai wa maƙerin da kake so ya ɗora maka jiki, kamar yadda ake kai yadi wurin tela.

Daga nan ƙirar ta rabu gida biyu, kuma har yau masu sana'ar suna musu a kan wanne ya fi. Ingilawa sun dogara ga wata na'ura da ake kira wilin Ingila. Ba ta da inji ko kaɗan. Wani ƙaton firam ne na ƙarfe mai siffar lauje, a bakinsa akwai faifai biyu, na sama shimfiɗaɗɗe, na ƙasa mai ɗan doro. Maƙeri yakan saka fallen alminiyam a tsakaninsu ya yi ta turawa yana jawowa, layi bayan layi, kowace wucewa tana ɗan miƙar da ƙarfen a inda faifan suka matse shi, har falle ya fara kumbura ya ɗauki siffar ƙoƙo. Idan fallen babba ne, mutum biyu suke riƙewa, ɗaya a kowane gefe, kuma dole numfashinsu ya zo ɗaya, domin idan ɗaya ya ja kafin ɗan'uwansa ya saki, tabon zai zauna. Italiyawa kuwa guduma suka riƙa. Sukan dafe falle a kan kututturen itace mai rami ko jakar fata cike da yashi, su buga ƙananan guntaye da yawa, su haɗe su da walda, su lallashe sawun da guduma da magagari. A Milan, kamfanin Touring ya yi rajistar wata dabara a 1936 mai suna Superleggera, ma'ana marar nauyi ƙwarai: a saƙa ƙwarangwal da siraran bututun ƙarfe daidai siffar motar, a lulluɓa masa fatar alminiyam. Aston Martin ya sayi izinin wannan dabara ya yi DB4 da ita a 1958. A Modena kuma Sergio Scaglietti, wanda ya buɗe shagonsa a 1951, ya shahara da aiki da ido ba tare da cikakken zane ba. Daga shagonsa jikin Ferrari 250 GTO ya fito a 1962. Guda 36 aka yi, kuma a 2018 an yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 48 da ɗoriya.

To amma tun kafin wannan ɗaukaka, an riga an haƙa wa sana'ar kabari. Edward Budd na Philadelphia ya nuna tun wajajen Yaƙin Duniya na Ɗaya cewa babbar na'urar matsa ƙarfe za ta iya fitar da ƙofar mota cikin ƙiftawar ido, dubu bayan dubu, kowace daidai da 'yar'uwarta. Matsalar ita ce zubin da ake matsawa a kai yana cin kuɗi mai yawan gaske, ba ya biyan kansa sai an sayar da motoci dubbai. Labarin Jaguar XK120 ya isa misali. Da aka nuna ta a Landan a 1948, kamfanin bai yi zaton za a so ta da yawa ba, sai ya sa aka buga jikinta da hannu, alminiyam a kan firam ɗin katako. Wajen guda 240 aka yi haka. Da masu saye suka yi cincirindo, sai aka kashe kuɗi aka yi zubi, daga 1950 jikinta ya koma baƙin ƙarfe. Ke nan guduma ba ta rayu don ta fi kyau ba, ta rayu ne a inda adadi ya yi kaɗan, wato motocin tsere da na 'yan ƙwalisa. Yaƙin Duniya na Biyu ma ya ƙara mata kwana, domin ya bar wa Ingila dubban ma'aikata da suka ƙware a fatar jiragen sama, ga alminiyam a wadace, alhali gwamnati tana rabon baƙin ƙarfe da awo. Wannan ƙarancin ne ya sa aka yi Land Rover ta 1948 da jikin alminiyam, ita ce kuwa ta biyo jami'an mulkin mallaka da na gona har ƙasarmu, ta ƙare a gaban mahaifina da sabulunsa.

Yanzu sai gamsheƙar kanta. Wani ƙaramin kamfani mai suna AC, a Thames Ditton kusa da Landan, ya fito da wata mota mai suna Ace a 1953. Ba shi ya ƙago ta daga tushe ba. Ya ɗauko ta ne daga wata motar tsere da John Tojeiro ya ƙera, jikin waccan kuma an kwaikwaye shi ne daga Ferrari 166 MM ta 1948, wadda Touring ya yi wa jiki, Italiyawa suka yi mata laƙabi da ƙaramin kwalekwale. Ranar da na fahimci wannan silsila na yi shiru na ɗan lokaci, domin motar da nake kare asalinta daga masu kwaikwayo, kakarta ma kwaikwayo ce. A 1961 kamfanin Bristol ya daina yin injin da AC yake sakawa. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga Carroll Shelby, mutumin Texas, tsohon mai kiwon kaji, wanda ya ci tseren sa'a 24 na Le Mans a 1959 cikin Aston Martin, ciwon zuciya kuma ya raba shi da tuƙin tsere. Shawararsa ita ce AC ya aiko da jiki da firam, shi kuma ya dasa injin Ford mai silinda takwas. Ta farko, mai lamba CSX2000, ta isa Los Angeles a Fabrairun 1962. Ita kaɗai gare shi a lokacin, don haka ya riƙa sake mata fenti kafin ya miƙa wa kowace mujalla, domin a ɗauka motocin suna da yawa. Daga inji mai lita 4.3 aka koma 4.7, a 1965 kuma aka faɗaɗa jikin aka saka mai lita 7, wadda ake kira 427. A wannan shekarar ce tawagar Shelby ta ƙwace kambin duniya na ajin GT daga hannun Ferrari, da taimakon wani samfuri mai rufi da ake kira Daytona. Shida aka yi, biyar daga ciki kuma a Modena aka buga jikinsu, a garin abokin hamayya. Duka-duka Cobra ta asali ba ta wuce kimanin dubu ɗaya ba kafin a daina yin ta a ƙarshen shekarun 1960. CSX2000 kuwa, wadda aka yi ta yaudarar 'yan jarida da ita, an sayar da ita a 2016 a kan dala miliyan 13.75.

Abu kaɗan, masu so da yawa, ai sai kwaikwayo. Al'adar sayar da mota a warwatse ta riga ta kafu a Ingila saboda haraji: motar da aka saya sassa-sassa ba ta biyan harajin saye, shi ya sa Lotus ya riƙa sayar da Seven tun 1957 a cikin akwatuna, mai saye ya ɗaure da kansa. Harajin ya canja a 1973, amma ɗabi'ar ta zauna. Daga shekarun 1970 aka fara zuba jikin Cobra da faiba, wato zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin danƙo. Faiba ba ta buƙatar gwani. Da zarar an sami zubi ɗaya daga jikin mota ta gaske, ana iya fitar da ɗaruruwa. Kamfanoni suka yi ta ɓullowa a Amurka da Ingila, har da Afirka ta Kudu, inda ake ƙera na Superformance a birnin da a da ake kira Port Elizabeth. Yau kwafin Cobra ya ninka na asali sau da yawa, kuma mafi yawansu faiba ne. Ba na raina su, sun ba mai matsakaicin ƙarfi abin da da sai a hoto zai gani. Sai dai faiba siffa kawai take kwafa. Ba ta kwafar aikin da ya haifi siffar, kuma a waɗannan shekarun ne tsofaffin maƙera suke ta yin ritaya ba tare da magada ba. Touring ma ya rufe a 1966.

Waɗanda suka ƙi yarda da faiba su ne suka riƙe igiyar. Brian Angliss, mai kamfanin Autokraft a Brooklands, ya fara da gyaran tsofaffin Cobra, ya samo ainihin ƙwarangwal ɗin katako da AC yake auna jiki a kai, ya ci gaba da buga sababbi a farkon shekarun 1980, daga baya ma ya mallaki AC ɗin. Amma labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Mielec, wani gari a kudu maso gabashin Foland. A zamanin kwaminisanci masana'antar jiragen sama ta garin ta ƙera jiragen yaƙi samfurin MiG-15 da MiG-17 bisa izinin Tarayyar Sobiyet, ta kuma ƙera jirgin An-2 fiye da dubu goma. Da tsarin ya rushe bayan 1989, oda ta yanke, ƙwararrun masu lanƙwasa fatar jirgi suka zauna hannu rabbana. A tsakiyar shekarun 1990 'yan gidan Kirkham na Provo, a jihar Utah ta Amurka, waɗanda suke gyaran wata Cobra 427, suka lura cewa aikin jikin jirgin MiG da na motarsu ɗan'uwan juna ne. David Kirkham ya tafi Mielec ya nemi a gwada. Haka hannayen da aka horar don yaƙar Amurka suka koma buga motar da Amurkawa suka fi alfahari da ita, aikin kuma ya yi kyau har kamfanin Shelby kansa ya riƙa sayen jikin alminiyam daga wurinsu. Motar da na tsaya a gabanta ina kiranta jabu, daga irin wannan hannu ta fito.

Ya kamata in faɗi abin da aikin ya ƙunsa, domin wanda bai sani ba zai ɗauka duka ne kawai. Da farko ana gina ƙwarangwal na katako ko na waya daidai girman motar. Ba a kansa ake duka ba, ma'auni ne da ake ɗora falle a kai a ga inda ya zauna da inda ya ɗage. Ana manna takarda a kan kowane sashe a yanka, inda takardar ta tattare nan ne ƙarfe zai buƙaci tsukewa, inda ta yage nan ne zai buƙaci miƙewa. Fallen kansa kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya da rabi ba. Miƙar da shi abu ne mai sauƙi, kowa ya iya duka ya sirantar da ƙarfe. Tsuke shi ne gwaninta: a yi masa ƙananan tattara a baki kamar kalmasar riga, a danne su cikin juna har gefen ya gajarce ya ƙara kauri ba tare da ya naɗe ba. Duk bugun da aka yi masa kuma yana ƙara masa tauri, idan aka ci gaba sai ya tsage. Dole a tsaya a tausasa shi da wuta. A nan ne haɗarin yake, domin yana narkewa a digiri 660 ba tare da ya canja launi ba, tausasawar kuwa tana bukatar wajen digiri 350 zuwa 400. Turawan shago sukan shafa masa baƙin hayaƙin gas, su bi da wuta har baƙin ya ɓace, wasu kuma sabulu suke gogawa su jira ya yi baƙi. Da na ga wani maƙeri a Ingila yana yin haka, sai da ƙwalla ta cika mini ido. Walda ma tana da tata fitinar, saboda fatar da iska take yi wa alminiyam ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, ga shi abin da ke ƙarƙashinta ya riga ya zama ruwa. Bayan an haɗe guntaye, a buge ɗinkin, a bi da magagari har ya ɓace, sannan a naɗe bakin fatar a kan bututun firam, a sa ƙyalle ko wani abin tsari a tsakani, domin alminiyam da baƙin ƙarfe idan suka haɗu da danshi sukan ci juna. Jiki ɗaya yakan ci ɗaruruwan sa'o'i. Wanda kuma ya zaɓi barin motarsa ba fenti, ya hana maƙeri mafaka ke nan, babu foti, babu inda za a ɓoye kuskure.

Akwai wata matsala da masu wannan aiki suke fuskanta wadda ta fi ba ni sha'awa fiye da duk sauran. Idan aka auna tsohuwar mota ta asali da na'urar leza, sau da yawa akan tarar gefen dama bai yi daidai da na hagu ba, kuma babu biyu da suka zo ɗaya sak, domin mutane daban-daban ne suka buga su, wani da safe, wani da yamma a gajiye. To wanne za a kwafa? Idan ka daidaita gefen biyu da kwamfuta, ka yi motar da ba a taɓa yin irinta ba. Idan ka kwafi karkacewar, ka mai da kuskuren wani ma'aikaci na 1965 doka. Ni dai ra'ayina, wanda ya ɗauki guduma ya bi hanyar da suka bi, ya yi nasa ƙananan kurakuran, ya fi kusa da su fiye da wanda ya kwafi nasu daidai wa daida.

Manyan kamfanonin da suka daɗe suna yi wa masu kwaikwayo kallon ɓarayi, daga baya su ma sun shigo layi. Jaguar ya yi niyyar yin E-type marar nauyi guda 18 a 1963, ya tsaya a 12, sai a 2014 ya sanar zai cike shidan da suka rage da lambobinsu na da. Ya kuma sake gina XKSS guda tara a madadin waɗanda gobarar masana'antarsa ta Browns Lane ta cinye a 1957. Aston Martin ya yi DB4 GT sababbi guda 25. Ba sa kiran waɗannan kwafi, ci gaba suke ce musu, farashinsu kuma yakan haura fam miliyan ɗaya. Kotuna ma sun shiga: a 2019 wata kotu a Bologna ta yanke cewa siffar 250 GTO aikin fasaha ce da doka take karewa. Amurka kuwa ta bi ta wata hanyar, a 2015 ta yi dokar da ta yarda ƙaramin kamfani ya ƙera har mota 325 a shekara masu kama da waɗanda suka kai shekara 25 da fitowa, matuƙar ya sami izinin mai siffar. Ban musa haƙƙin mai zane ba, kuma wanda ya buga lambar bogi ya sayar da sabuwa da sunan tsohuwa, wannan macuci ne, shi ya cancanci kalmar da na yi wa dattijon nan. Amma ina tambayar kaina, sa'ad da waɗannan kamfanoni suka waiwayo suna neman wanda ya iya wilin Ingila bayan shekara hamsin da watsar da shi, a ina sana'ar ta fake duk tsawon lokacin? A shagunan masu gyaran tsofaffi da masu kwaikwayo ta fake, su ne suka ci gaba da biyan almajirai.

Da na dawo gida na je garejin. Ƙanina ne yake riƙe da shi yanzu, kuma aikin ya canja. Idan ƙofa ta loɓa, mai mota ya fi so a je kasuwa a sayo ta Beljiyam a ɗaura, idan kuwa ba shi da hali, a cike ramin da foti a fesa fenti. Ban ga laifinsa ba, babu mai biyan kuɗin kwana uku a kan murfin taya ɗaya. Na nuna masa hoton motar nan a wayata, ya daɗe yana faɗaɗa shi da yatsu yana bin kafaɗar tayar baya, yana neman inda aka yi ɗinki. Bai samu ba. Ya ce, "Yaya, wannan guntu nawa ne?" Na ce ban ƙirga ba. Ya tashi ya shiga ciki, na ji yana jan tsohon akwatin Baba, ya fito da gudumar katako da wani fallen Land Rover da ya shekara goma a jingine da bango, ya aiki yaro shago ya sayo sabulu.